Rahoton Kwamitin Gyaran Zauren Marigayi Baba Saje

Kwamitin da dattawan unguwa suka ɗora wa alhakin gyaran zauren marigayi Baba Saje yana sanar da jama'a cewa an kammala aikin kafin faɗuwar damina, kuma an miƙa wa iyalansa mabuɗi a gaban mai unguwa da wakilan 'yan mazan jiya.

Lokacin da muka karɓi aikin, gara ta riga ta cinye azarar rufin, indararo ya karye, ruwa kuma ya daɗe yana bin bangon gabas har ya zaizaye gindinsa. Wasu sun ba da shawarar a rushe ginin a tayar da na bulo da kwano, amma kwamitin bai amince ba, domin a wannan zaure ne marigayin ya riƙa zama tun dawowarsa daga yaƙin Bama a 1946, kuma a nan yake karanta wa mutanen gari wasiƙu da harafin boko da ya koyo a bariki. Saboda haka magina suka sauke rufin, suka jera sabuwar azarar giginya, suka cike bangon da tubali, sannan aka yi yaɓen makuba da sabon daɓe. Siminti bai shiga ko'ina ba sai gindin bango, inda ruwa ke kwanciya.

Littafin sallamar marigayin daga aikin soja, wanda aka samu cikin akwatin ƙarfe a naɗe da tsumma, ya nuna cewa yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kai Indiya ta jirgin ruwa a 1943 kafin ta shiga kwarin Kaladan a yankin Arakan na ƙasar Bama. Babu hanyar mota a wannan daji, don haka sojoji ne ke ɗaukar kaya a ka, jirage kuma suna jefo musu abinci daga sama. Rundunar na cikin waɗanda suka ƙwace garin Myohaung daga hannun Japanawa a Janairun 1945. An ajiye littafin da lambobin yabonsa da jar dararsa a kabad mai gilashi.

Ba a jawo wuta ba, domin gudummawar da aka tara ba ta kai ba. An liƙa lissafin kuɗin shiga da fita a bangon zauren ga mai son dubawa. Iyalan sun amince a riƙa buɗe zauren ga ɗalibai kowace ranar 15 ga Janairu, Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, kuma kwamitin ya ɗauki nauyin duba rufin da indararo a ƙarshen kowane rani.