Ciwon Ƙugu Ya Sauka Ƙafa: Wasiƙar Wani Tela Zuwa Filin Lafiya

Assalamu alaikum Likita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan fili, na rubuto ne daga Tudun Wada a nan Kaduna domin neman shawara a kan ciwon ƙugu da ya addabe ni yau wata 4 ke nan. Ni tela ne, shekaruna 47, kuma na haura shekara 20 ina zaman keke.

Abin ya soma ne a goman ƙarshe na azumi, lokacin da ɗinkin Sallah ya taru, muna zama tun bayan asuba har wajen ƙarfe 2 na dare a kan benci marar majingina, a sunkuye kan keke. Daren jajibere na duƙa zan kama wa yaron shagona janareta mu shigar da shi ciki, ban lanƙwasa gwiwa ba, sai na ji wani abu ya riƙe mini ƙugu kamar an ɗaure ni da igiya. A makonnin farko ciwon yana nan a ƙasan baya kawai, yana tsananta idan na tashi da safe, yana lafawa idan na kwanta. Na ɗauka gajiya ce, har ma ya yi sauƙi bayan kamar mako 6. Amma da na koma aiki sosai sai ya sake kama, ya bar tsakiyar ƙugu ya koma ɓangaren hagu, yana bi ta mazaunai ya gangara bayan cinya har zuwa yatsun ƙafa, wani lokaci kamar an jona mini wutar lantarki, wani lokaci kamar ana tsira mini allura. Tari ko atishawa suna tayar da shi nan take, dogon zama ya fi komai ƙara shi, tafiya a hankali kuwa tana ɗan rage shi. Ruku'u ya gagare ni, yanzu a kan kujera nake sallah a bayan sahu, tare da dattawan da suka haife ni.

Abin da ya fi ruɗa ni, Likita, shi ne kowa da sunan da yake ba ciwon. Mahaifiyata ta tsaya kai da fata cewa basir ne, saboda yawan zama da shan zaƙi, har ta sa aka sayo mini jiƙo wajen masu tallar magani a mota da lasifika. Na sha don kada in saɓa mata, amma ban da gudawar kwana biyu ban ga komai ba. Abokan sana'a suka ce sanyi ne ya kama ni, aka kira wanzami ya yi mini ƙaho, na ji daɗin jikina yini guda, ciwon ya dawo. Wani mai kyamis kuma ya ce wataƙila ƙoda ce, ko da yake na ji an ce ciwon ƙoda ya fi zama a gefe can sama, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma yakan zo da zazzaɓi ko zafin fitsari ko jini a fitsarin, alhali ni ba ni da ko ɗaya daga ciki.

Bayanin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na wani maƙwabcina ma'aikacin jinya. Ya ce ƙasusuwa 5 ne a ƙasan gadon baya suke ɗauke da yawancin nauyin jiki, kuma a tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai taushi da ke hana su gogar juna. Idan mutum ya yawaita zama a sunkuye ko ya ɗaga kaya mai nauyi a duƙe, faifan yana iya ɓullowa ya danne babbar jijiyar da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, shi ya sa ake jin ciwon a ƙafa alhali tushensa yana baya. Ya ƙara da cewa yawancin ciwon ƙugu na tsoka ne da ta wahala, kuma yakan warke da kansa cikin 'yan makonni, amma wanda ya haura mako 12 ya zama abin a bincika. Bai kuma ji nauyina ba ya nuna tumbina, ya ce shi ma kaya ne da bayan yake ɗauka dare da rana. Gaskiya ya faɗa, don na ƙara ƙiba a 'yan shekarun nan, kuma kullum a kan babur nake zuwa Kasuwar Sheikh Gumi sayen yadi da zare, kowane rami a ƙuguna yake ƙarewa.

Na je wani asibiti an ɗauki hoton ƙashi, aka ce babu karaya, aka rubuta mini maganin rage ciwo mai suna diclofenac na 'yan kwanaki. Laifina ne da na ci gaba da saye a kyamis ina sha safe da dare kusan wata 2, domin idan ban sha ba ba na iya taka keke. Yanzu ina jin zafi a saman ciki, musamman da dare, kuma na ji cewa irin wannan magani yana iya haddasa gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda. An yi mini tayin tramadol, na ƙi, saboda na ga yadda ya mayar da wasu samarin unguwarmu.

Ina roƙon ka fayyace mini, shin alamomin nan sun fi kama da matsalar faifan, ko kuwa akwai wasu cututtuka kamar amosanin ƙashi ko tarin fuka na ƙashin baya da ya kamata a duba? An ce mini hoton da aka ɗauka ƙashi kawai yake nunawa, sai wani irin hoto da ake kira MRI ne ke nuna faifai da jijiya, to ko ya zama dole in nemi kuɗinsa yanzu, ko in fara da zuwa wajen likitan gashin ƙashi? Sannan barin keke ba zai yiwu gare ni ba, da shi nake ciyar da mutum 9, don haka ina so in san irin kujerar da ta dace, da tsawon lokacin da zan zauna kafin in miƙe, da kuma ko kwanciya a tabarma ta fi katifata wadda ta lotsa a tsakiya.

Fitsari da bayan gida lafiya lau nake yinsu, ban rame ba, ba na zazzaɓi. Sai dai a makon nan na lura babban yatsan ƙafar hagu ya yi nauyi, ba ya ɗaguwa kamar na dama, har silifas ya zame mini sau biyu a hanyar masallaci ban ji fitarsa ba. Ban faɗa wa kowa a gida ba tukuna. Shin wannan abu ne da zai iya jira har in kammala ɗinkin bikin da ke hannuna nan da mako 3, ko in ajiye komai in tafi asibiti gobe?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mai sauraronka,
Wani tela daga Tudun Wada, Kaduna