A Waiwayi Binciken Garin Ƙarfe da Haɗa Ƙarfe da Tangaran

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in jawo hankalin ɗaliban injiniya da masu faɗa a ji wajen rabon kuɗin bincike zuwa ga wani fanni da ba kasafai ake jin ɗuriyarsa a jaridu ba. Da zarar an ambaci sarrafa ƙarfe, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne katafaren tanderu da narkakken ƙarfe yana kwarara, alhali akwai wata hanyar da ba ta dogara da narkarwa ba: a mayar da ƙarfen gari, a danne garin da ƙarfi a cikin mazubi, sannan a gasa shi a zafin da bai kai na narkewa ba har ƙwayoyinsa su manne da juna.

Larura ce ta raya wannan hanya. Ƙarfen tangistin ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422 a ma'aunin Salshiyas, don haka da William Coolidge na kamfanin General Electric a Amurka ya samar da zaren ƙwan lantarki mai lanƙwasuwa wajen shekarar 1910, daga gari ya faro. A 1923 kuma Karl Schröter na kamfanin Osram a Jamus ya gasa garin kabaid na tangistin, wato haɗin tangistin da sinadarin kabon, tare da ɗan ƙarfen kobalt, aka sami abin da har yau ake yin bakin injinan yanka ƙarfe da na haƙar dutse da shi. Da ma ta wannan hanya ake sarrafa tangaran ɗin masana'antu, irin su alumina da zakoniya da kabaid na silikon, waɗanda suka fi yawancin ƙarafa tauri da jure zafi, ba sa kuma tsatsa.

Aibin tangaran shi ne ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe. Tun a 1921 Alan Griffith na Ingila ya nuna cewa irin waɗannan abubuwa suna karyewa ne daga ƙaramin tsagi ko ramin da ido ba ya gani, shi ya sa tsabtar gari da daidaiton girman ƙwayoyinsa suke rabin aikin. Ko ƙarfe bai tsira daga wannan ba, domin a 2023 kamfanin Pratt & Whitney mai ƙera injinan jirgin sama ya sanar cewa gurɓataccen garin ƙarfe ya shiga wasu sassan injinan jirgin sama, abin da ya sa aka ciro ɗaruruwan injina domin a duba su.

Daga nan masu bincike suka nemi su tara amfanin biyun wuri guda, ta hanyar barbaɗa ƙwayoyi ko zaruruwan tangaran a cikin ƙarfe mara nauyi kamar alminiyam. Kamfanin Toyota ya fara sayar da injin dizal mai fistin irin wannan a 1983. Sai dai idan kabaid na silikon ya daɗe cikin narkakken alminiyam mai zafi sosai, sukan haifar da wani sinadari mai saurin karyewa wanda danshi ke lalatawa, kuma rage wannan haɗari na cikin dalilan da suka sa wasu ke fifita gauraya garin biyun a gasa su ba tare da narkarwa ba.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne mahaɗa, wato wurin da tangaran da ƙarfe suka liƙe, domin babu injin da ake yi da tangaran zalla, tilas sai an ɗaure shi da wani abu na ƙarfe. Walda da aka saba ba ta yiwuwa a nan, kuma yawancin narkakkun ƙarafan liƙi ba sa kwanciya a kan tangaran, sai su dunƙule kamar ɗigon ruwa a kan abu mai maiƙo. Tsohuwar dabara ita ce a shafa wa alumina garin molibdinam da manganis, a gasa a zafin da ya kai kimanin digiri 1,400 zuwa 1,500, a rufe da nikel, sannan a liƙe da haɗin azurfa da jan ƙarfe mai narkewa a digiri 780. Daga baya aka gano cewa idan aka zuba ɗan titaniyam a cikin wannan haɗi, aka kuma yi aikin a tanderun da aka zuƙe iskar cikinsa, titaniyam ɗin kan ci fuskar tangaran ya kama ta kai tsaye.

Ko an samu liƙin ya kama, babbar wahalar tana zuwa ne lokacin hucewa. Idan zafi ya ƙaru da digiri 100, sandar jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya kan ƙara kimanin milimita 1.7, ta alumina kimanin 0.7, ta naitiraid na silikon kuwa kimanin 0.3 kacal. To idan an liƙe su a digiri 800 suka fara hucewa, ƙarfen zai tsuke fiye da abokin liƙinsa, ya ja shi har ya tsage, sau da yawa kafin a fito da su daga tanderu. Maganin da ake yi shi ne a sa siririn ƙarfe mai laushi a tsakani ya shanye wannan ja, ko a zaɓi haɗin baƙin ƙarfe da nikel da kobalt da ake kira Kovar, wanda buɗewarsa da zafi ta yi kusa da ta alumina. Sai da aka shawo kan wannan matsala kafin kamfanin Nissan ya iya sa farfelar tangaran a kan sandar ƙarfe a cikin tobon mota, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji, a 1985. Haka nan na'urorin sarrafa wuta na motocin lantarki da na hasken rana suna zaune ne a kan faifan tangaran da aka liƙa wa jan ƙarfe, kuma duk kunnawa da kashewa jarrabawa ce ga wannan mahaɗa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake yawan auna nasarar bincike da taurin samfuri ɗaya ko biyu da aka gasa a ɗakin gwaji. A ganina wannan bai wadatar ba, domin ƙarfin tangaran yakan bambanta daga samfuri zuwa samfuri, kuma mahaɗar da ta yi kyau ranar farko tana iya sakewa bayan an ɗumama an huce sau dubu. Ya kamata masu kula da ɗalibai su nemi a gwada samfura da yawa, a yanka mahaɗar a duba ta da madubin likita mai ƙarfi, a kuma bayyana waɗanda suka fashe kamar yadda ake bayyana waɗanda suka tsira. Masu ba da kuɗi su ma su sani cewa tanderu mai zuƙe iska ba ya aiki sai da wutar da ba ta yankewa da kuma ƙwararren ma'aikacin da ya san kula da shi, don haka a sa albashinsa da kuɗin gyara cikin kasafi tun farko.

Daga ƙarshe, ina roƙon Edita ya riƙa gayyatar masana wannan fanni su yi bayaninsa da Hausa a shafin kimiyya, domin matasan da ke shirin zaɓen abin da za su karanta su san da shi.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin injiniyan ƙarafa