Sanarwa kan rumbun irinmu na bana

Assalamu alaikum, iyayenmu da ƴan uwa manoma.

Tun da kaka ta kama, muna roƙon kowane gida ya ware mudu biyu na gero ko dawa ko wake domin rumbun iri na ƙungiya, kuma a zaɓo su daga zangarniyar da ta fi cika tun tana gona, kafin a haɗa ta da hatsin ci. Wanda ya ari mudu ɗaya a damina zai mayar da ɗaya da rabi.

Wake ne ya fi damunmu, saboda ƙwari kan cinye shi kafin bazara. A shanya shi ya bushe sarai, sannan a zuba a buhun PICS mai ruɓi uku a ɗaure kowace leda daban, domin rashin iska ke kashe ƙwarin ba tare da magani ba.

A rubuta sunan kowane iri, kada irin waken SAMPEA na cibiyar bincike ta Samaru ya gauraya da namu na gado. Iyayenmu mata da ke riƙe da tsohuwar maiwa da irin yakuwa, don Allah ku kawo, domin samunsu a kasuwa ya fara wuya.