Wasiƙa zuwa ga Nura a Fatakwal

Jos, daren Laraba

Mutumina Nura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya aiki? Mu nan hunturu ya kankama, da asuba yatsu sai su ƙi kama sukudireba. Inna tana gaishe ka, ta ce har yau ba ta ga busasshen kifin da ka yi mata alkawari ba.

Na ga saƙonka kan laftof ɗinka da hoto ke ɗaukewa in ka buɗe murfi sosai, ya dawo in ka ɗan sunkuyar da shi. Don Allah kada ka yarda a sayar maka da sabon sikirin. Ciwon fleks ne, wayar nan da ke kai hoto sikirin, wadda ta ratsa ta hinji, wato maɗaurin murfi. Buɗewa da rufewa na shekaru ke cin ta, har layi ɗaya ya tsinke a ciki inda ido ba ya kai wa.

Cire batir tukuna. A bakin soket akwai abin da ke riƙe wayar, wani siririn makulli ne ko ɗan ƙarfe, da farce ake ɗaga shi, ba da ƙarfi ba. Zare ta, goge bakin da sifirit, ka mayar daidai. Sau da yawa nan maganar ke ƙarewa. Ka tuna faffaɗar wayar hadis, ma'ajiyar bayanan kwamfuta, mai layi 40 da jan zare a gefe, wadda muke fizga a shagon Oga kusa da Taminus kafin gobarar kasuwa ta 2002? Wancan zamani ya wuce. Na yanzu tsakanin layi da layi rabin milimita ne, numfashinka ma sai ka riƙe.

Makon jiya wata baiwar Allah mai shagon buga takardu a Farin Gada ta kawo firinta, ɗalibai sun cika mata shago, fleks ɗin ya tsage dab da baki. Babu irinsa a gari, Legas kuma sai an jira. Irin farin nan ne, shi kuwa ba ya shiri da wuta, yana jin zafin ayan ɗin dalma zai naɗe kamar leda. Na taɓa ƙona guda, ba na son tunawa. Sai na datse bakin da almakashi, na sa gilashin ƙara gani, na riƙa kankare robar da reza a hankali har layukan suka fito suna sheƙi. Na ɓamɓaro shuɗin ɓawon da ke ƙarfafa tsohon bakin, na manna a sabon. Mitar gwaji ta yi ƙara a kowane layi, alamar wuta na wucewa, na ce alhamdulillahi.

Fleks mai ruwan zuma shi ke jure dalma, ana iya haɗa masa gada da silin waya. Dalmar ma kashi 60 cikin 100 kuza ce, wadda kakanninmu suka haƙa a Bukuru, ga shi muna sayen ta a naɗe daga Sin.

In gogewar ba ta yi ba, naka dai ba na gyara ba ne, don wurin lanƙwasa ba ya riƙe ɗori. Ɗauko min hoton lambar da ke jikin wayar, ka ƙirga ko fil 30 ne ko 40, in nemo maka in ba direba.

Ka gaida Maman Hanifa da yara.

Naka,
Sabi'u