Zuwa ga Kwamishinan Lafiya: Ƙurajen yaranmu sun fi ƙarfin mai kemis

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni malamin firamare ne, ba likita ba, amma kullum da safe ina duba hannuwan yara kafin in duba littattafansu. Da damina ta kankama sai ƙazuwa ta shigo aji. Yaro ya kwana yana susa har fata ta yage, ƙwayoyin bakteriya su samu ƙofa. Kwana kaɗan sai ka ga ƙuraje masu ruwa a gefen baki da ƙafafu, sun yi ɓawo ruwan zuma. Likitoci sun san masu wannan aiki, Staphylococcus da Streptococcus, sun kuma san maganinsu tun ba yau ba: a wanke da sabulu, a shafa mupirocin na kwana biyar zuwa bakwai, in abin ya bazu a sha irin su cloxacillin har a kammala, maruru da ya nuna kuma a tsaga shi a asibiti. Sannan a yi wa duk gida maganin ƙazuwar lokaci guda, in ba haka ba ta dawo.

To, ina uwa za ta samu wannan? Ƙaramin asibitin mazaɓarmu an yi masa fenti mai kyau, sai dai ɗakin magani fayau yake. Sai ta nufi kemis. A can za a ba ta kafso huɗu, ta buɗe ɗaya ta barbaɗa a kan ciwon, a haɗa mata da man nan mai haɗi uku, mai sinadarin sitiroyid, wanda matan bilicin ma shi suke nema. Ja da ƙaiƙayi su lafa, a ce an warke, cuta kuwa tana ci ta ƙasa. Wani ɗalibina haka aka yi masa. Bayan mako uku fuskarsa ta kumbura, fitsarinsa ya koma kalar shayi, aka ce ƙoda ce. Daga ƙuraje fa, ranka ya daɗe!

Kun fi ni sanin alkawarin da ƙasashen Afirka suka yi a Abuja a 2001, na ware kashi 15 na kasafi ga lafiya. Kun san dokar lafiya ta 2014 da asusun da ta kafa don ƙananan asibitoci, da maganar asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ƙazuwa cikin cututtukan da aka yi wa sakaci tun 2017. Ko sai mun shirya taro a otal an raba jakunkuna sannan za a tuna da mu?

Ban ce a rufe kemis ba, don su ne asibitin talaka da daddare. A koya musu abin da ba a shafa wa jariri, a hana su sayar da kafso ɗaiɗai kamar alewa. Tsangayu ma a leƙa, can yara suke kwana jiki da jiki. Batun ruwan wanka kuwa, wannan na wata wasiƙar ne.

Don Allah, kafin ruwan farko ya sauka, a kawo mana man ƙazuwa da maganin ƙuraje a asibitin mazaɓa, a turo ma'aikaci ɗaya ya riƙa zagaya makarantu sau ɗaya a wata. Ni zan jera masa yaran a layi.

Naka,
Wani malamin aji uku