Tarihin Hanna-Barbera da maganar yin katun da Hausa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da na daɗe ina ji a majalisun Garwa. Duk lokacin da iyaye suka koka cewa yara suna wuni a gaban talabijin suna kallon katun da Faransanci, sai wani ya ce ina ma a ce da Hausa ake yin su, nan take kuma wani ya kashe maganar da cewa wannan aikin masu tulin kuɗi ne, ba namu ba. Ni sana'ata zanen allunan shaguna da rubutu a jikin motoci, na san abin da zane guda yake ci na lokaci da fenti, kuma ban yarda da wannan amsa ba. Hujjata ita ce tarihin kamfanin Hanna-Barbera na Amurka, wanda ya yi da yawa daga cikin katun ɗin da muka taso muna kallo.

William Hanna da Joseph Barbera sun haɗu ne a sashen katun na kamfanin fina-finai na MGM a ƙarshen shekarun 1930, kuma a 1940 suka fito da kyanwa da ɓeran nan da duniya ta sani da Tom and Jerry. Sun yi guda 114, bakwai daga cikinsu suka ci lambar Oscar. Waɗannan katun na gidan sinima ne, an yi su a tsanake, kowane ɗaya mai tsawon kamar minti bakwai yana cin dubban zane da dala dubu talatin da wani abu. Da talabijin ya shiga gidajen Amurkawa, masu zuwa sinima suka ragu, sai MGM ya lura cewa sake nuna tsofaffin katun yana kawo kuɗi ba tare da an kashe ko sisi ba, ya rufe sashen baki ɗaya a 1957. Mutanen nan biyu, kowannensu ya haura shekara 45, suka wayi gari ba su da aiki.

A watan Yuli na wannan shekarar suka buɗe nasu kamfanin, da taimakon wani daraktan fim mai suna George Sidney, suka kuma ƙulla yarjejeniya da Screen Gems, reshen talabijin na kamfanin Columbia. Kuɗin da aka ba su don shirinsu na farko, Ruff and Reddy, wanda ya fara fita a tashar NBC a Disamban 1957, bai wuce kamar dala 3,000 ba a kan kowane minti biyar. Wanda ya saba ɗinki da bandir guda, yau an miƙa masa yadi biyu an ce ya fitar da riga.

A nan ne abin ya fi jan hankalina a matsayina na mai zane. Fim yana gudu ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma a tsohon salo ana sake zana dabba gaba ɗayanta a kowane hoto ko a kowane hoto biyu. Su kuwa sai suka rarraba jikin a kan takardun roba da ake gani ta cikinsu, aka jera su ɗaya bisa ɗaya. Gangar jiki a zana ta sau ɗaya a ajiye, kai yana kan wata takarda dabam, baki da idanu su kaɗai ake canzawa. Idan mutum zai yi gudu, ƙafafu ne kawai ke juyawa da zane kaɗan da ake maimaitawa, bangon da ke bayansa kuma ana jan sa yana dawowa, shi ya sa mai lura zai ga an wuce taga guda sau biyar a cikin ɗaki ɗaya. Duk wanda ya taɓa mamakin dalilin da ya sa dabbar dajin nan Yogi ke sanye da wuyan riga da laktaye alhali ba ta da riga, to ga amsa: wuyan rigar shi ke ɓoye inda aka raba kai da jiki. Da irin wannan dabara aka rage zanen katun mai minti bakwai daga kusan 14,000 zuwa kamar 2,000.

Abin da aka rage a zane sai aka mayar da shi a murya. Suka dogara da masu iya sarrafa harshe irin su Daws Butler da Don Messick, suka sa nauyin dariya a kan magana da kiɗa da ƙarar abubuwa, har ya zama sau da yawa ba a nuna faɗuwa, sai dai a ji ƙararta hoton ya girgiza. Wani gwanin katun na wancan zamani, Chuck Jones, ya yi wa irin wannan aiki ba'a, ya kira shi rediyo mai hoto. Masu kallo dai ba su damu ba. Huckleberry Hound, wanda ya fito a 1958, ya zama shirin katun na farko da ya ci lambar Emmy, wadda ake bai wa shirye-shiryen talabijin, a 1960, kuma a shekarar ce The Flintstones, wanda mu a nan muka sani da Les Pierrafeu, ya fara fita a tashar ABC da dare, lokacin da manya ke kallo, ya yi shekara shida da kashi 166. A 1966 kamfanin Taft Broadcasting ya sayi Hanna-Barbera a kan dala miliyan 12, a 1969 karen nan matsoraci Scooby-Doo ya bayyana, a 1981 kuma suka mayar da 'yan shuɗayen mutanen da mai zane Peyo ɗan Beljiyam ya ƙirƙiro, wato Schtroumpfs, shirin talabijin. Kamfanin talabijin na Turner ya sayi Hanna-Barbera a 1991, tarin katun ɗinsa suka zama jarin tashar Cartoon Network da aka buɗe a 1992, sannan a 2001, shekarar da Hanna ya rasu, aka narkar da shi cikin Warner Bros. Barbera ya bi bayansa a 2006.

Ba zan ɓoye aibin abin ba. Da oda ta yi yawa a shekarun 1970, sai arha ta zama lalaci, aka riƙa sake dafa labari guda na samari da dabba mai magana suna bin sawun aljanin ƙarya, ana canza masa suna kawai. An kuma kwashe aikin hannu an kai Ostareliya da Taiwan da Filifin inda lada ba shi da tsada, masu zane a Amurka suka yi yajin aiki a kan haka. Wannan ɓangare ba abin koyi ba ne, kuma wanda ya ɗora katun ɗinsu na 1975 kusa da kyanwa da ɓera na 1945 zai ga bambanci ko da ido ɗaya.

Amma a duba wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Kyanwa da ɓera kusan ba sa magana, shi ya sa a gidan kallo na unguwarmu, lokacin muna yara, ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani da ɗan Babarbare da ɗan Shuwa duk muke fashewa da dariya lokaci guda. Wancan shi ne mai tsada, domin motsi ne ke ba da labari. Katun mai arha kuwa da baki yake tafiya, kuma idan bakin Faransanci ne, yaron da bai yi nisa a makaranta ba launi kawai yake kallo. Na zauna da jikokin yayata na gani da idona: sukan yi shiru a wurin da aka yi barkwanci, su yi dariya kawai idan wani ya faɗi. Ashe ke nan giɓin da ke akwai daidai yake da abin da muka fi iyawa. Mu mutanen tatsuniya ne da wasan kwaikwayo na rediyo, kowace unguwa tana da tsohuwar da ta iya tsamin bakin Gizo, da saurayin da ke kwaikwayon muryar kura har a riƙe ciki. Abin da Chuck Jones ya faɗa don raini, mu a wurinmu kwatancen hanya ne.

Kuma ba a ce ba a taɓa gwadawa a yankinmu ba. Marigayi Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya rasu a 2015, ya yi katun tun a shekarun 1960, ciki har da Bon voyage Sim na 1966, inda ya yi amfani da kwaɗi ya yi wa shagulgulan shugabanni shaguɓe, da kayan aikin da ba su kai ƙarfin wayar da ke aljihun ɗalibi a yau ba. A lokacin Kamaru ba ta ma da gidan talabijin, sai a 1985 aka fara, Cadi kuma a 1987. Yanzu kwamfuta ta ɗauke wahalar takardar roba da kyamara, manhaja tana jera kai da baki da ƙafa kamar yadda ake yi da hannu a da. Abin da ya rage shi ne marubuci, da mai zane, da masu murya, da kuma tashar da za ta yi alkawarin saye a kai a kai, domin shi ma Hanna-Barbera yarjejeniyar Screen Gems ce ta tsayar da shi da ƙafafunsa. Gidajen talabijin da ke watsa shiri da Hausa, da masu sayar da madara da sabulu da ke biyan kuɗin talla, su ya kamata a tambaya ko za su ɗauki nauyin minti biyar a mako.

Ni dai na gwada da kaina a damina da ta wuce, lokacin da aikin allo ya yi ƙasa. Na zana Gizo sau ɗaya da 'yar shara da hula, na sa masa laya a wuya don ta rufe mahaɗar kai da jiki, na yi masa baki iri shida, ɗana ya harhaɗa su a kwamfuta. Mun samu minti biyu cikin mako uku, wani maƙwabcinmu tela ya yi muryar Gizo, kuma yaran layinmu sun sa an maimaita musu har batir ya mutu. Ina roƙonka, Malam Edita, ka tura wakilinka ya zanta da masu wasan kwaikwayo na rediyo a Garwa da Marwa da Njamena kan wannan batu, ya kuma tambaye su ko a cikinsu akwai wadda za ta iya muryar Ƙoƙi, don har yanzu ita muka rasa.

Wassalam.

Naka,
Mai zanen alluna,
Garwa, Kamaru.