Tsohuwar Land Cruiser ko motar da Yayana zai aiko daga Amurka?

Assalamu alaikum warahmatullah, Alhaji.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Allah ya ƙara basira. Ina cikin masu sauraron filinka na direbobi da masu motoci, na kuma lura ba ka yi wa mai tambaya rufa-rufa, shi ya sa na kawo kukana gare ka. Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar, domin maganar ta haɗa mota da kuɗi da zumunci.

Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi, sana'ata hatsi, masara da wake, wani lokaci har da doya. Ina saye daga Ejura zuwa Atebubu, har cikin ƙauyukan da ke bayan Kwame Danso ta wajen Kajaji. Kaya masu nauyi manyan motoci ke ɗauka, daga gona zuwa bakin hanya kuma aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) ko tarakta. Abin da nake nema mota ce da za ta kai ni wurin manoma, ni da yarana da sikeli da buhuna, da takin da nake ba su bashi a farkon damina. Daga Kumasi zuwa Ejura kusan kilomita 100 ne na kwalta, ƙaramar motata tana yinsa ba gardama. Wahalar tana farawa in an bar babban titi. Da rani gargada ce da jar ƙura. A watan tara da na goma kuwa manyan motocin doya kan haƙa layi biyu a cikin taɓo, tsakiya ta yi tozo, duk motar da cikinta ke kusa da ƙasa sai ta hau tozon ta zauna, tayoyi na juyawa a iska. A wani wurin rafi ya cinye kwalbati, sai dai ka shiga ruwan.

Akwai kuma dalilin da ya fi ciniki. Mahaifiyarmu tana can wajen ƙanwata a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, ta ce ba za ta bar jikokinta ta dawo birni ba. Tana da hawan jini da ciwon suga, likitanta kuma yana asibitin Komfo Anokye a nan Kumasi. In damina ta yi nisa, a bayan babur ake fito da ita zuwa inda mota ke iya tsayawa, ƙanwata na riƙe da ita ta baya. Tsohuwa ce, Alhaji. Wannan abin yana hana ni barci.

Motar da zuciyata ta kwanta da ita Land Cruiser ce samfurin 80, ƙirar 1996, mai giyar hannu, injinta 1HZ, wato dizal mai silinda shida, lita 4.2, babu tobo. Toyota ta yi wannan samfurin daga 1990 zuwa 1997, ka ga ko autar cikinsu ta haura shekara ashirin da biyar. Mai ita wani bawan Allah ne daga Tamale, ya ce a hannun wata ƙungiyar agaji ya saye ta. Na ɗauki fitana na Magazin ta Suame (unguwar masu gyaran mota ta Kumasi), wanda muke kira Masta, muka je dubawa. Shi ya ce lallai da sassafe za mu je, kuma kada a tayar da ita kafin mu iso. Da zuwanmu ya ɗora tafin hannu a kan injin don ya tabbatar da sanyinsa, sannan ya ce a murza makulli. Bugu ɗaya ta tashi, ta yi ɗan farin hayaƙi, ya washe. Ya kwance murfin baƙin mai ya aza shi a bakin ramin ba tare da ya ɗaure ba, murfin yana ɗan rawa amma bai yi tsalle ba, ya ce ringin fistin suna da sauran ƙarfi. Ya leƙa lagireto, ruwa ba ya kumfa. Daga nan ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da ƙaramar guduma, ya bi shasi yana ƙwanƙwasawa daga gaba har baya, yana sauraron ƙarar ƙarfen. Da ya fito ya ce shasi lafiya lau, amma giris yana tsiyaya a gwiwar aksul ɗin gaba ta hagu, sitiyari yana da ɗan wasa, shokazoba duk sun mutu. Taimin bel kuma ba wanda ya san ranar da aka canza shi, alhali kowane kilomita 100,000 ya kamata a sa sabo, don haka shi za a fara yi. Abin da mita ta nuna kuwa, ya ce kada in ma duba.

Hujjar Masta ita ce wannan injin ba shi da kwamfutar da ke sarrafa shi. Famfon mai da nozul na ƙarfe ne zalla, duk fitan da ke gyaran tarakta a Atebubu zai iya buɗe shi ya gane abin da ke ciki. In batir ya yi sanyi a tura ta tashi. In an sha dizal ɗin galan mai datti, a canza filta a ci gaba da tafiya. Kayan gyaranta akwai su a Magazin, akwai a Techiman da Tamale. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Amma ba zan ɓoye maka aibinta ba. Ba ta da gudu, ƙarfin injin bai wuce doki 130 ba, ga nauyin jiki. Da muka gwada ta a hawan Mampong sai da aka sauko giya ta uku, wuce tirela kuma sai an yi dogon lissafi. Na'urar sanyaya ciki ta mutu, kujeru sun yayyage, fenti ya koɗe. Tana shan mai. Duk da haka mai ita ya ƙi rage ko sidi ɗaya, wai masu katako da masu haƙar zinariya suna nemanta. Sannan ina tsoron tsufa irin wanda ba a gani da ido: tiyo, waya, roba, yau wannan gobe wancan, ga kasuwa cike da jabun kayan gyara a cikin kwali mai sunan na asali.

Na ga wata Prado samfurin 120, irin waɗanda aka yi daga 2002 zuwa 2009, a wani gareji. Tsaf take, mai giyar otomatik, injin dizal 1KD da ake kira D-4D. Maiɗakina da ta ga hotonta cewa ta yi a kawo ta kawai. Masta bai yi minti biyar a cikinta ba ya nuna mini waifa tana kwanciya ta ɓangaren da bai dace ba, sandar sigina tana hannun dama, an kuma yanka dashbod an liƙe. Wato sitiyarinta a dama yake tun asali aka juyo shi hagu, tunda mu a Ghana tun 1974 muke tuƙi a hannun dama. Ya ce aikin juyin in ba gwani ya yi ba, a gargada yake nuna kansa. Ya ƙara da cewa nozul ɗin wannan injin na lantarki ne, ba sa jure gurɓataccen mai, kuma in ta ɗauke a daji sai an zo da kwamfuta daga birni. Da mai injin 5L ce, ko mai fetur lita 2.7, da ya ce in duba. Na nemi Nissan Patrol mai injin TD42 ban samu ba, waɗanda ake tallatawa masu ZD30 ne, su kuma fitoci suna gargaɗi a kan na farko-farkonsu. Pajero mai 4M40 ta fi su araha, sai dai an ce in ta yi zafi sau ɗaya kan injin yana iya tsagewa.

To, ga inda maganar ta yi mini nauyi. Yayana yana Bronx a Amurka, ya daɗe yana tuƙin tasi a can. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya ba ni jarin da na fara awo da shi. Da ya ji ina neman mota saboda Inna, sai ya ce in bar wahalar da kaina, zai saya mini Toyota 4Runner ƙirar 2008 a gwanjo, ya biya kuɗin jirgi, ni kuma in biya diyuti a tashar jiragen ruwa ta Tema. Ba na raina motar. Injinta fetur ne V6 lita 4.0, sarƙa gare shi maimakon bel, ƙarfinsa ya kusa ninka na 1HZ, kuma ta yi suna wajen juriya. Ta fi Land Cruiser ɗin ƙuruciya da shekara goma sha biyu, tana da sanyi, kujerunta masu taushi ne. In don Inna ce, a cikinta za ta fi jin daɗin tafiyar Kumasi, wannan ba na musu.

Abin da ke damuna shi ne ba zan gan ta ba sai an buɗe kwantena. A yankin da Yaya yake ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuma yana cin shasi, har an san wannan samfurin da tsatsar ƙarƙashi. Masta ya nuna mini wata a Magazin da aka shafe cikinta da baƙin fenti, ya soka sukundireba ta huda ƙarfen ta wuce. Motocin gwanjon kamfanonin inshora kuma da yawansu haɗari suka yi ko ambaliya ta shanye su, ta ambaliya kuwa sai bayan watanni wayoyinta ke fara hauka. Ga wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: 4Runner da yawa a Amurka tayoyin baya kaɗai ke ja, ba su da fowil sam, jikin ne kawai iri ɗaya. Wannan samfurin duka otomatik ne, ba a tura shi ya tashi. Sannan ta haura shekara goma, kwastan za su ɗora tarar tsufa a kan diyuti, diyutin kuma da farashin dala ake lissafa shi, ba zan san abin da zan biya ba sai ranar ta zo.

Na gwada faɗa masa kaɗan daga cikin wannan a waya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato ni zan aiko maka da ruɓaɓɓiyar mota ke nan? Ka fi yarda da fita a kan ɗan'uwanka?" Na ce Allah ya huci zuciyarka Yaya, ba haka nake nufi ba. Ya ce shi dai ba zai so a ce yana Amurka, uwarsa kuma tana yawo a tsohuwar motar da ƙungiya ta yar ba. Na gane ciwon da ke cikin maganar. Mutum ne da ya yi nisa da gida, bai samu ya yi jinyar Inna da hannunsa ba, wannan motar ita ce hidimar da yake son ya yi mata. Ni kuma ni zan kasance a cikin taɓon da dare in ta tsaya, wataƙila da tsohuwar a kujerar baya, a inda ko sabis ɗin waya babu.

Ra'ayina dai, motar da zan shiga daji da ita gara wadda fitan ƙauye zai iya gyarawa da sifana, ko da ta fi muni a ido. Amma na san Masta da tsofaffin injuna ya saba, kowa kuma abin da ya iya yake yabo, shi ya sa nake son jin ta bakinka, kai da ka ga jiya ka ga yau a harkar. Shin Land Cruiser mai waɗannan shekaru, in aka gyara aksul da shokazoba da bel da na'urar sanyi, za ta yi mini wasu shekaru ba tare da ta cinye jarina ba? Nawa ya kamata in ware na gyaran farko, kashi nawa na kuɗin sayen? Ko kuwa tsoron da nake wa 4Runner ya yi yawa, in dai Yaya zai samo ta daga jihohin da ba a zuba gishiri, mai fowil ta gaskiya, ya turo mini lambar shasinta mai harufa da lambobi 17 a bincika tarihinta, da hoton ƙarƙashinta kafin ya biya? Injin fetur mai koyil a kan kowane fulogi yana jure shiga rafi kamar yadda dizal ke yi?

Sai batun takardu, wanda ya fi komai ba ni tsoro a kan Land Cruiser ɗin. Na ji cewa motocin ƙungiyoyin agaji ba tare da diyuti suke shigowa ba, kuma in za a sayar wa ɗan kasuwa sai an biya. Mai motar ya nuna mini takardun DVLA, hukumar rajistar motoci, da sunansa, amma da na tambayi na kwastan sai ya ce suna Tamale, zai aiko. Har yau ban gan su ba. Ina zan je a GRA, hukumar haraji da kwastan, a nan Kumasi in tabbatar da lambar shasin kafin in ba da ko kafin alƙalami? Ta ɓangaren Amurka ma mun sha ji a labarai hukumar EOCO mai yaƙi da laifukan tattalin arziki tana kama motocin da aka sato daga can da Kanada, to wace takarda zan ce Yaya ya riƙe tun daga wurin gwanjon?

In ka ga tsohuwar Land Cruiser ɗin ce ta dace da hanyata, ina roƙon ka koya mini yadda zan ce wa Yaya ya turo kuɗin a saya a nan a gyara ta da sunansa, ba tare da ya ji na mayar masa da alherinsa ba. In kuma ka ga shi ke da gaskiya, ka faɗa mini kai tsaye, zan bi. Yana kama tasharku ta intanet, kuma yana ganin girmanka, saboda haka in za ka karanta wasiƙar a fili kada ka rage komai, sunana kawai za ka sakaya. Ina so in yanke shawara kafin ruwan watan tara ya sauka.

Allah ya saka da alheri, ya ja kwana.

Naka mai sauraro,
Wani ɗan kasuwar hatsi, Aboabo, Kumasi.